Cokalin Seth Duckworth

A nan Lancashire, idan aka ce wane da cokalin azurfa a baki aka haife shi, an gama magana: ya zo duniya ya tarar da dukiya tana jiransa, bai san zafin nema ba. Ba yabo ba ne, kuma ba a faɗa wa mai shi a gaban idonsa. Sai motar ɗan mai masaƙa ta wuce ta watsa wa mutane ruwan kwata, sannan wata za ta karkaɗe siket ta faɗa ƙasa-ƙasa. Wanda ya tara da guminsa ba a ce masa haka, shi marowaci kawai ake ce masa. In kuwa maƙwabci ya sayi sabuwar hula, ko aka jiyo ƙanshin nama daga gidansa ranar da ba Lahadi ba, akan jefa masa maganar ta kan katanga, a yi dariya, kowa ya kama gabansa.

A Layin Marina kaf, mutum ɗaya ne maganar ta kama da gaske, shi ne kuwa wanda ko kyanwa ba a bar masa gado ba.

Uwar Seth Duckworth aikatau ta yi a gidan mai masaƙa kafin ta auri masaƙi. Da ta haihu, matar gidan, wadda a shekarar son talakawa ya taso mata kamar zazzaɓi, ta zo coci ta tsaya wa jaririn a matsayin uwa ranar baftisma. Al'adar masu hali ce wadda ta tsaya wa yaro ta ba shi cokalin azurfa, ta kuwa bayar, ɗan mitsitsi, da harafin sunansa a jikin mariƙin. Daga ranar zazzaɓin ya sake ta, ba ta ƙara tambayar ko yaron yana raye ba. Uwar Seth kuwa ta yi abin da kowace uwa za ta yi, ta bi layin gida-gida tana nunawa. Kafin yaro ya yi haƙori sunansa ya ɓace, ya koma Cokali.

Yana ɗan shekara goma ya shiga masaƙa, rabin yini aiki rabin yini makaranta, kamar sauran yaran layin. Ranar farko shugaban ɗakin saƙa ya cire masa hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, a kawo kujera ne, ko a tsaye za a share ƙarƙashin injin?"

Wani yaron kuka zai yi. Seth ya dubi mutumin sama da ƙasa, ya ce a bar kujerar, likitansa ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Ɗakin ya kaure da dariya. Shi ke nan ya sami sana'a ta biyu, wadda ba a biya.

Ya fi shekara hamsin yana wannan wasa. In aka tambaye shi a mashaya me ya sa kullum rabin kofi yake sha, sai ya ce kuɗinsa barci suke yi a banki, ba ya son ya tashe su. In aka gan shi yana tafiya cikin ruwan sama da takalman katako, sai ya ce ya ba direbansa hutu. Matarsa Keziah, masaƙiya ce ita ma, doguwa mai ƙarancin magana, ƙarar injin ta riga ta cinye mata rabin kunne. Ita takan ce yaudararta aka yi.

"Cokali aka ce mini, ni kuma don wauta ban tambayi tukunya ba."

Kowace Litinin matan layin sukan ɗaure kaya su kai wa mai karɓar jingina, wanda kowa ke kira Kawu, ranar Asabar in albashi ya fito su fanso. Babu abin da bai ziyarci Kawu ba daga gidan Duckworth. Kwat ɗin Seth ta zuwa coci ta fi sanin kantar Kawu a kan kafaɗar mai ita. Zoben auren Keziah ya je, dutsen guga ya je. Cokali ne kaɗai bai taɓa zuwa ba. Yana cikin kofi a kan kantar kwanuka, Seth yana juya shayi da shi ranar Lahadi, yana ɗaga ƙaramin yatsa kamar 'yan gayu. Ko da abu ya yi tsanani ya ce a kai shi, Keziah ce ke hanawa.

"Bar shi nan, tsoho. In ya tafi da me za ka riƙa yi wa mutane ƙarya?"

Sai dai maganar da aka daɗe ana yi da wasa, takan yi saiwa. Mutane su yi dariya a mashaya, in sun koma gida kuma wani ya ce wa matarsa, amma fa ruwa ba ya tsami banza, kin taɓa ganin cokalin nan a wurin Kawu? Da ɗansu ɗaya tilo, Walter, ya tafi babban yaƙi bai dawo ba, aka ce ai gwamnati ta biya su kuɗi mai kauri. Abin da gwamnati ta aiko takarda ce da wani faifan tagulla, amma wa zai shiga gidan makoki ya tambaya?

Da ido ya fara gaza ganin zare, Seth ya bar saƙa ya koma tashin ma'aikata. Ya sami doguwar gora da 'yar waya a kanta, tun da asuba yana bin layi yana ƙwanƙwasa tagogin bene, kowane gida 'yan kwabbai a mako. Ba ya barin taga sai an leƙo.

"Allah ya tsine wa gorar nan, Cokali."

"Amin, ɗan'uwa. Tashi ka je ka nemo wa masu cokali abin juya shayi."

Sannan shekarun da masaƙu suka yi shiru suka zo. Bututan hayaƙi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har mata suka fara shanya fararen kaya a waje su kwashe su da farinsu, abin da ba wanda ya yi murna da shi. Wata safiya mijin maƙwabciyarsu Dorcas Pilling ya leƙo ta taga ya ce, ba tare da zagin da ya saba ba, "Cokali, daga gobe ka tsallake tagar nan. In na tashi ina za ni?" Haka tagogin suka yi ta raguwa har gora ta koma bayan ƙofa.

A kakar shekarar ne Keziah ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Seth ya sauko da gado ƙasa kusa da wuta, ya koyi juya ta, ya koyi wanke ta. Ci ne ya zama yaƙi. Bakin ba ya buɗuwa sai kaɗan, cokulan ƙarfe na gidan kuwa manya ne kamar shebur, abinci ya zube a haɓa, ita ta kau da kai don kunya. Ran nan ya miƙa hannu kan kantar kwanuka ya ɗauko na azurfar. Ya shiga daidai. Ya jiƙa burodi cikin madara mai ɗumi, yana ba ta kaɗan-kaɗan, ta cinye tas.

"To, 'yar masu kuɗi," ya ce yana goge mata baki. "Ashe ke aka yi wa shi, ni ajiya aka ba ni."

Idonta mai lafiyar ya yi masa hararar da ya sani.

Da abin kai wa Kawu ya ƙare, Seth ya sa hula ya je hukumar agajin gari. Abu biyu hukuma ke iya yi wa tsoho. Ko ta ba shi 'yan sulalla duk mako ya zauna a gidansa, ko ta ba shi takardar shiga Gidan Tudu, wato gidan gajiyayyu da ke saman gari, inda a bakin ƙofa maza ke yin dama mata su yi hagu. Mara lafiya kamar Keziah ɗakin jinyar mata za a kai ta, namiji ba ya shiga sai ranar Lahadi. Seth bai taɓa roƙon komai ba a rayuwarsa, amma ranar ya roƙi na farkon. Aka ce za a turo a duba gidan, domin ba a ba mutum agaji yana da abin sayarwa.

Layin Marina yana da maganin wannan. Duk gidan da za a duba, kayansa sukan tsallake katangar baya su kwana a gidan da aka riga aka duba. Agogo, madubi, kujera ta uku, duk abin da za a ce ya wuce buƙata. A lokacin gidan Dorcas ne rumbu, don ita an gama da ita, agajinta yana fita, da shi take ciyar da miji da yara biyar. Rabin agogunan layin a ƙarƙashin gadonta suke, kowanne da lokacinsa.

Ta shigo ta ƙofar baya da safe tana naɗe hannun riga.

"Ranka ya daɗe, an zo kwashe taska. A fito da zinariya."

Ta sauke agogon bango, ta ɗauki madubi, ta cicciɓi kujerar Walter. Ta dawo ta miƙa hannu.

"Saura mai gayya mai aiki."

"Da shi take ci, Dorcas."

"Yini ɗaya ne, ba mutuwa za ta yi ba. In suka gan shi cewa za su yi ka sayar ka ci kuɗin tukuna, ka dawo bayan wata. Ka sayar kuma da me za ka ba ta? Kawo nan, kada ka tsaya kana kallona kamar an aiko ka."

Ya naɗe shi a hankici ya ba ta. Babu ɗayansu da ya tsaya ya yi tunanin cewa agogo da madubi ba wanda ya san kana da su, amma wannan abu guda garin nan duka ya san shi, har da waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Mutum biyu suka zo da hantsi. Ɗaya baƙo ne mai tabarau daga babban ofis, an turo shi ya ga yadda ake aiki. Ɗayan Cyril Ormerod ne, ɗan masaƙi daga layin baya, wanda ya yi karatun dare har ya sami farar kwala ta ma'aikatan ofis. Seth ya yi shekaru yana ƙwanƙwasa tagar ubansa. Saurayin ya shigo ya ga gado a falo, ya ga tsohuwa, ya ga ɗaki wayam, kunya ta kama shi. Ya rasa da me zai gaisa, sai ya gaisa da abin da kowa ke gaishe da Seth tun kafin a haife shi.

"Baba Seth, ina kwana. Ya mai jiki? Ina kuma shahararren cokalin namu, yana lafiya?"

Yana murmushi ya faɗa. Murmushin bai kai ƙarshen maganar ba.

"Wane cokali?" in ji mai tabarau.

"A'a, yallaɓai, wasa ne na layin nan, wani ɗan..."

"Akwai shi ko babu?"

Cyril ya dubi ƙasa. "Akwai. Na azurfa. Ƙarami ne ƙwarai."

Mai tabarau ya juyo wajen Seth. Ta cikin bango ana jiyo yaran Dorcas suna rigima a kan ɓawon burodi. Da Seth zai ce yana nan maƙwabta, bari in karɓo, da ƙila an yi masa faɗa an wuce. Amma mutumin zai bi shi, zai leƙa ƙarƙashin gadon, kuma duk wanda aka kama yana ɓoye wa hukuma kaya an yanke masa agaji.

"Na sayar," Seth ya ce.

"Wa ka sayar wa?"

Sai harshen da ya saba fid da shi kunya shekara hamsin ya yi gaban kansa.

"Gaskiyar magana, yallaɓai, bakin teku na tura shi hutu. Iskar garin nan ba ta karɓe shi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Keziah ta yi wani sauti daga kan gado, ba a san ko dariya ce ko kuka ba. Mai tabarau ya ɗaga kai ya dubi bango, inda hayaƙin shekaru ya baƙanta ko'ina ya bar wani farin da'ira daidai girman agogo. Ya daɗe yana kallonsa.

Da mako ya zagayo aka kira Seth gaban kwamiti. Ya sa cokalin a aljihu, ya ce a ransa in suka ga ƙanƙantarsa za su ji kunya. Shugaban kwamitin mai kantin yadi ne, ya sha yin dariyar barkwancin Seth a bakin coci. Seth ya warware hankici ya ajiye a kan tebur.

"Ga shi, yallaɓai. Shi ke nan dukiyar."

"Ashe ya dawo daga bakin teku," in ji shugaban. "Duckworth, mun san ka. Tun muna yara muke jin labarin kuɗinka da ke barci a banki."

"Wasa ne, yallaɓai."

"Da ka ce ka sayar, shi ma wasa ne? Wanda ya ɓoye cokali me zai hana shi ɓoye tukunya? Ana ce maka mai cokalin azurfa shekara da shekaru ba ka taɓa musu ba, sai yau."

Wani daga gefe, mai taushin murya, ya ce ba sa son tsananta wa tsoho. Ya faɗi gidan da cokalin ya kwana, da agogon, sai a sake duba maganarsa. Seth ya tsaya yana murza hula. Ya tuna bakin Keziah, ya tuna ƙofa biyu na Gidan Tudu. Ya tuna kuma yara biyar da agogunan mutane.

"A cikin safata ya kwana," ya ce.

Suka ba shi takardar Gidan Tudu, suka ce ya ɗauki cokalinsa.

Da Dorcas ta ji, ta yafa mayafi ta ce yanzu za ta je ta faɗa musu da bakinta. Seth ya tare ƙofa.

"Je ki, 'yar'uwa. Sai mu hau tudun mu tara maimakon mu biyu, a samu na rera waƙa a hanya."

Ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafin.

Layin ya yi iya yinsa. Wannan ta kawo romo a kofi, wancan ya kawo kwal a hula. Cyril Ormerod ya riƙa ajiye kwalbar madara a bakin ƙofa ba ya ƙwanƙwasawa. Amma mai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, layin kuwa duk masu hannu ɗaya ne. Sanyi ya sauko da ƙarfinsa. Seth ya ƙona kantar kwanuka, ya ƙona gorar tashin mutane, daga ƙarshe ya karɓo kujerar Walter ya faskara ta a bayan gida inda Keziah ba za ta gani ba. Ta gane ƙafar kujerar a cikin wuta. Wata safiya ya taɓa hannunta mai lafiyar ya ji shi da sanyi kamar ɗayan. Ya zauna a bakin gado.

"Tsohuwa, can akwai wuta. An ce har bargo biyu suke bayarwa. Mu je mu ɗan huta, kafin kuɗin nan su farka."

Mai sayar da kwal ya ba da aron amalankensa. Aka shimfiɗa ta a kai, Dorcas na riƙe da ƙafafunta, Seth na biye a ƙasa. Mutanen layin suka tsaya a ƙofofinsu, maza suka cire hula kamar gawa ce ke wucewa. Ba wanda ya ce ranka ya daɗe.

A bakin ƙofa ya miƙa wa shugabar ɗakin mata cokalin, ya fara yi mata bayanin yadda ake karkata shi ta gefen dama.

"Muna da cokula, baba."

"Na sani, 'yata, amma bakin nata..."

"Ba a shiga da abu mai daraja. In ya ɓace ni za a kama. Ba ka ga yawansu ba ne?"

Ba muguwa ba ce, baki talatin take ciyarwa da hannu biyu. Dorcas ta karɓi cokalin ta sa a aljihun gaba. Aka tura Keziah hagu, wani dattijo ya kama hannun Seth ya yi dama da shi.

Duk Lahadi Dorcas takan hau tudun da cokali a aljihu da ɗan burodi da madara a kwalba. Seth ya shigo cikin rigar gidan mai ruwan toka, ya goge wa matarsa busasshen kunun da ke haɓarta, ya zauna ya ba ta. Takan cinye tas, tana kallonsa. Ranar ce kaɗai a mako take ƙoshi. Ana kaɗa ƙararrawa Dorcas ta mayar da cokali aljihu. Kowace Lahadi kuma sai ya tarar Keziah ta ƙara ramewa a kan gadon fiye da wadda ta wuce. Ba ta ga bazara ba. Ranar Laraba ta rasu, aka gaya masa ranar Alhamis bayan karin kumallo.

Wanda ya mutu a Gidan Tudu ramin gayya ake sa shi, ba suna ba alama, sai in danginsa sun ɗauke shi. Layin Marina ya bi gida-gida da hula. Abin da aka tara bai kai ba, Seth ya ce wa Dorcas ta kai cokalin. Kawu ya warware hankici, ya sa tabarau, ya juya shi a tafin hannu.

"Shi ne wannan?" ya ce. "Na ɗauka ya fi haka girma."

Ya ba da abin da ya bayar, ya ɗan ƙara daga aljihunsa, aka binne Keziah a bayan coci cikin akwatinta.

Seth ya ƙara wasu shekaru a Gidan Tudu. Bai daina farkawa da asuba ba, sai ya kwanta idonsa biyu yana jiran ƙararrawa ta tashi wasu. Sunan ya biyo shi har can, ma'aikata ma Cokali suke kiransa, yawancinsu ba su san dalili ba. Wata rana aka kawo wani sabon tsoho daga wani gari, aka zaunar da shi kusa da Seth a dogon teburin cin abinci. Mutumin ya ji sunan, ya ji ana cewa ai wannan da cokalin azurfa a baki aka haife shi, ya dube shi da rigar toka da sunkuyayyen wuya, ya yi 'yar dariya.

"Wai da gaske ne, ɗan'uwa?"

Waɗanda suka san Seth tun a gari suka dakata da ci, suna jiran direba, ko banki, ko bakin teku. Seth ya juya cokalin ƙarfen da ke hannunsa.

"Da gaske ne," ya ce. "Ci abincinka, zai huce."